Zuwaira da Malam a Ganuwar Saint-Malo

Zuwaira 'yar Zango ce ta Damagaram. A takardun Faransa an rubuta ta Zouera, kuma da wannan sunan yaran lakwal, wato makarantar firamaren da take dafa wa abinci a Vénissieux, kusa da Lyon, suke kiranta. Ta sauka Lyon tana amarya, a tsakiyar sanyi, da silifa a ƙafa da mayafi shara-shara, ta biyo mijinta Malam Ilya, ɗan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram mai ganuwa, wanda aka turo karatun ilimin ruwa. Ya zo tarbarta da rigar sanyi ta maza, don bai san inda ake sayar da ta mata ba, ita ta yi ta sawa har hunturun ya fita. Da farko cewa aka yi in ya gama karatu za su koma. Ya gama, ya sami aiki a wani ɗakin gwaji inda ake auna ruwan sha, aka ba su gida can saman wani bene a unguwar Minguettes, aka haifi Kamalu, aka haifi Hamdiya. Kafin su farga shekara talatin da 'yan kai ta wuce.

Malam Ilya mutum ne mai sanyin magana da tsabtar tufafi. Bai iya ganin famfo yana zuba a banza ba, ko a masallaci ne sai ya tashi ya rufe, yana cewa wanda ya tashi a Damagaram ya bi layin ruwa tun asuba ba ya wasa da shi. Abu guda ya kafe a kai tun yaran suna rarrafe: a gidansa Faransanci za a yi, kada su je lakwal harshensu ya harɗe a mayar da su baya. Zuwaira ba ta so ba, amma ba ta ja da shi ba. A kicin take yi musu Hausa, su amsa mata da Faransanci. Hamdiya, da yake tana manne da ita wajen tukunya, ta tsinci abin da ta tsinta. Kamalu kuwa Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ya yi karatu mai zurfi, ya sami aikin kwamfuta a Paris, uban yana alfahari da shi a gaban kowa.

Ita Zuwaira ba ta yi boko mai nisa ba. Faransancinta a bakin tukunya ta koye shi, wajen matan Aljeriya da na Fotugal da suke aiki tare. Mace ce mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan dariya, ba ta kuma da yawan ƙorafi. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa kiran mijinta da sunansa ba, Malam take ce masa, ko a gaban likita, ko a ofishin takardu. Sunan Kamalu ma, da yake ɗan fari ne, ba ya fita daga bakinta sai dole.

Ciwon ya fara ne bayan Malam ya ajiye aiki. Makulli a cikin firij, sallar la'asar sau biyu, tambaya ɗaya sau biyar. Suka ce tsufa ne. Sai ranar da wani mahauci Bamaroke a unguwar Guillotière, wanda suka shekara ashirin suna sayen nama a wurinsa, ya buga mata waya ya ce Malam yana tsaye a ƙofar shagonsa tun hantsi, bai san wace mota zai hau zuwa gida ba. Daga nan Faransancin ya riƙa zubewa daga bakinsa kamar gero daga buhu mai huda. Mutumin da yake gyara wa Turawa rahoto ya koma yana neman kalmar cokali. Abin da ya rage masa Hausa ce, Hausar Birni ta yarinta, da wasu kalmomin da Zuwaira rabonta da jin su tun kakarta na da rai.

Ta ɓoye. In mutanen Nijar sun tambaya a wajen suna ko ta'aziyya, sai ta ce ƙafa ce ke damunsa. Ta rage aiki, tana kulle ƙofa ta waje in za ta fita, ta cire maɓallan murhu ta zuba a jaka. Hamdiya tana leƙowa, amma ita ma ga goyo ga aiki. Da Kamalu ya zo hutu ya ga uban ya sa wando a kan wando, sai ya koma Paris ya nemo wata babbar likitar ƙwaƙwalwa, ya aiko musu da tikitin jirgin ƙasa.

Likitar, mace ce mai furfura, ta yi wa Malam tambayoyi, Zuwaira tana fassarawa. Ta ce ya zana agogo, ya zana wani abu kamar ƙwarya. Bayan an duba hotunan kansa ta gaya musu ba tare da kwana-kwana ba cewa ciwon ya yi nisa, babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi, kuma nan gaba kaɗan mutum ɗaya ba zai iya riƙe shi ba. Ta ambaci gidan kula da tsofaffi. Zuwaira ta ce ba a yin haka a wajensu. Likitar ta dube ta, ta tambaye ta yaushe rabonta da barci mai kyau. 

Ɗakin Kamalu a Paris yana kusa da unguwar Château Rouge. Firijinsa babu komai sai ruwa da yogot, don haka ta sauka ta sayo busasshiyar kuɓewa da daddawa da garin masara, ta tuƙa musu tuwo. Suna ci ne ya ce ya shirya musu tafiya gobe zuwa Saint-Malo, wani tsohon birni mai ganuwa a bakin teku. Ya biya wata mai zagayawa da baƙi, ƙaramin ayari ne, ba cunkoso. Ya ce yana aji huɗu aka kai su can daga lakwal, Baba yana cikin iyayen da suka raka su, kuma ranar ce kaɗai ya taɓa ganin Baba yana gudu a kan rairayi. Wataƙila in ya ga wurin wani abu ya motsa. Zuwaira ta san babu abin da zai motsa, ta kuma san wahalar fita da Malam. Amma ta ga yadda yaron yake jujjuya loma a hannu bai kai baki ba, sai ta ce to, Allah ya kai mu.

Suka hau jirgin ƙasa da safe daga tashar Montparnasse. Malam ya yi barci mafi yawan hanyar, kansa a kafaɗarta. Ta sa masa farar jallabiya da rigar sanyi a sama da hular da yake zuwa Juma'a da ita, ta cusa wandon canji a jakarta ƙarƙashin robar dambun nama.

A bakin babbar ƙofar ganuwa suka sami mai zagayawar, wata 'yar siririya mai suna Sofia, da jar lema a naɗe a hannu. Ayarin bai kai mutum goma ba: wasu mata da miji daga Kanada, tsofaffin mata biyu ƙawaye, da wani dogo mai katuwar kyamara a wuya. Sofia ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Malam ya kama hannunta da hannu biyu ya shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina labari. Ta yi murmushi ta dubi Kamalu, shi kuma ya dubi ƙasa. Zuwaira ce ta ce mata mijinta ba shi da lafiya, za su riƙa bi a baya a hankali.

Garin duk dutse ne, toka-toka, lunguna matsattsu, iska mai warin kifi da gishiri tana shigowa ta kowace kafa. Sofia tana tafe tana ba da labari. Ta ce mutanen garin nan a da 'yan fashin teku ne waɗanda sarki ya ba izini su tare jiragen abokan gaba, da wannan dukiyar suka gina manyan gidajen nan, wasunsu kuma da cinikin bayi. Da ta faɗi haka sai ta ɗan yi sauri ta wuce, ba ta dubi inda su Zuwaira suke ba. Ta ce a lokacin babban yaƙi wuta ta cinye kusan dukan garin, abin da suke gani yanzu sake gina shi aka yi, dutse bayan dutse, a kan kamannin na da. Zuwaira rabin hankalinta ne ke wurin. Sauran yana kan ƙafafun Malam da duwatsun daɓe masu santsi.

Da suka hau matakalar ganuwa, teku ta buɗe a gabansu. Zuwaira ta shekara talatin a ƙasar nan ba ta taɓa tsayawa a gabanta ba, yara ne suke zuwa da lakwal su dawo da 'yan kwanson kifi a aljihu. Ruwan ya ja baya can nesa, ya bar rairayi mai laima da baƙaƙen duwatsu, ga wata siririyar hanya ta dutse da ta miƙe zuwa wani tsibiri, mutane suna kai da kawowa a kanta. Sofia ta nuna hanyar da lemarta ta ce kada kowa ya ruɗu, nan da an jima ba za a gan ta ba, ruwan wurin nan in ya tashi dawowa ba ya jiran kowa.

Malam bai dubi teku ba. Bango yake shafawa. Can sai fuskarsa ta washe, irin washewar da Zuwaira ta manta da ita.

"Ashe an gyara ganuwar," in ji shi. "Ai kuwa sun kyauta. Ga duwatsun can, bayansu gidan Liman ne. Namu yana gangare."

Ta gane Birni yake gani. Ta ce ƙwarai, an gyara. Ya shiga tafiya da ƙarfi har yana wuce ayarin, yana nuna mata rufin gidaje yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa, wane mai dukanci, wance mai fura. Duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe shi. Wasu su yi murmushi, wasu su kauce. Mai kyamara ya ce da Sofia a hankali, amma ba hankalin da Zuwaira ba za ta ji ba, cewa da wannan tafiyar ba za su ga rabin abin da aka yi musu alkawari ba.

Kamalu kuwa murna ta kama shi, ganin uban ya farfaɗo. Ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya tambaye shi da Faransanci ko ya tuna ranar da suka tsaya a nan, da iska ta ɗauke masa hula ya bi ta da gudu yara suna dariya. Malam ya dubi hannun da ke kafaɗarsa, ya dubi fuskar, sannan ya sunkuyo wajen matarsa.

"Wannan bawan Allah tun ɗazu yake biye da mu. Ma'aikaci ne? In takarda yake so ki ba shi mu rabu lafiya."

"Inna, me ya ce?" in ji Kamalu.

"Ya ce ya tuna," in ji ta. "Ya ce hular ma sabuwa ce."

Yaron ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya ciro waya ya ɗauke su hoto. Zuwaira ta gyara wa Malam wuyan riga don kada a ga fuskarta.

Da suka sauko, Sofia ta ba da ɗan hutu a wani dandali, kowa ya nemi abin taɓawa. Zuwaira tun a jirgi take matse, ba ta sami yadda za ta bar Malam ba. Ta zaunar da shi a kan benci, ta ce da Kamalu ya zauna kusa da shi kada ya tashi, ta tafi neman bayi. Ta tarar da layi. Da ta dawo, bencin babu kowa. Ta hango Kamalu yana fitowa daga wani shago a tsallake, da fanke irin na garin guda uku a naɗe cikin takarda. Ya ce Baba yana gyangyaɗi ne, shagon ga shi ga bencin, ta taga ma yana kallonsa, juyawa kawai ya yi ya karɓi canji.

Ba ta yi masa faɗa ba, babu lokacinsa. Suka rabu, shi ya bi dama ita ta bi hagu. Lungunan duk kamarsu ɗaya. Tana leƙa shaguna tana tambaya ko an ga wani baƙin dattijo mai farar riga da hula, ana girgiza mata kai. Tana son ta ɗaga murya ta kira, amma Malam ɗin da take faɗi bai wuce maƙogwaronta ba. Ta sake fitowa dandalin ta tarar Sofia ta bar ayarin a tsaye tana waya da 'yan sanda. Ɗaya daga tsofaffin matan nan ce ta tuna ta ga farar riga ta bi wata ƙaramar ƙofa da ke jikin ganuwa, wadda take fita rairayi.

Zuwaira ta tuna ya ce gidansu yana gangare. Ta bi ƙofar da gudu, gudun da gwiwarta ta daɗe da hana ta.

Wurin ya sake kama. Rairayin da ta gani daga sama ya ragu, ruwa yana ta shigowa tsakanin duwatsu, hanyar tsibirin nan ta nutse sai alamarta. Mutane sun taru a gaɓa suna nuni. Malam yana can a kan hanyar, ruwa ya kai masa gwiwa, jallabiyar ta yi nauyi tana manne da shi. Wasu masu ceto biyu sun isa wurinsa suna yi masa magana, yana ja da baya, kuma duk takun da ya yi baya ruwan ƙaruwa yake. Suna tambayarsa sunansa, suna ce masa ya ba su hannu, shi kuwa ba abin da yake ji sai hayaniyar Turawa biyu da suke son kama shi.

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Sanyin ruwan ya soki ƙashinta. Wani ya riƙe mata hannu ta fizge, ta ce mijinta ne, ba ya jin Faransanci. Da ta matso ta ji yana ta maimaita cewa an ɓata rijiyar, ya ɗanɗana, wani ya zuba mata gishiri, sai ya je ya gaya wa mutane kada su sha. Ta ce Malam, zo mu tafi gida. Ta kama hannun rigarsa. Ya juyo ya dube ta, babu ko ɗigon sani a idon, ya ɗaga hannu ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, har leɓenta ya fashe. Mutumin da bai taɓa nuna ta da yatsa ba.

Ta ji gishiri da jini a bakinta. Wata igiyar ruwa ta zo ta kusa kayar da su duka. A nan ne ta gyara murya, ta yi irin ta surukarta, wadda ta rasu tun Kamalu yana goye, mace mai kaifin harshe da 'ya'yanta suke kira Iya.

"Ilya," in ji ta. "Fito daga ruwan nan. Iya na kiranka."

Ya tsaya cak. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ce da ƙaramar murya ba shi ya ɓata rijiyar ba. Ta ce ta sani, ya zo dai. Ya miƙo mata hannu kamar yaro, ta ja shi, masu ceton suna tallafe da su ta baya har suka taka rairayi. Kamalu yana tsaye a gaɓa, wandonsa jiƙe har cinya, ya shigo ruwan ya rasa da wane harshe zai yi magana. Ya ji uwarsa ta kira sunan, kuma ko da ƙarancin Hausarsa ya san abin da hakan yake nufi.

Aka lulluɓe Malam da wani bargo mai ƙyalli, aka kai shi asibitin garin aka duba shi. Sanyi ne kawai ya kama shi, sai ƙafa da dutse ya yanka. Ma'aikaciyar da ta wanke wa Zuwaira leɓe ta tambaye ta ko ya saba dukanta. Ta ce faɗuwa ta yi. Sofia ta biyo su da takalman Zuwaira a leda, ta tsaya jim, ta ce ta yi baƙin ciki, sannan ta koma wajen sauran baƙinta, don ba su gama zagayen ba.

A jirgin komawa Malam ya ci dambun nama ya yi barci. Kamalu ya tashi ya tafi can tsakanin taragu ya daɗe. Da ya dawo ya zauna gabanta, ya ce laifinsa ne. Ta ce ƙaddara ce. Sai ya tambaye ta, a kan ganuwa, da gaske Baba ya ce ya tuna? Zuwaira ta dubi taga. Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba har Paris.

Ta koma Lyon da niyyar ci gaba yadda take. Amma tun daga ranar wani abu ya karye a jikin Malam. Ya daina yarda da ita. Yana ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, yana jijjiga ƙofa yana cewa an tsare shi. Wata rana ta fito wanka ta same shi ya buɗe tagar falo ya ɗora ƙafa ɗaya, wai zai sauka gangare. Hamdiya ta zo ta ga shatar yatsu a damtsen uwarta, ta kira wanta a waya, suka yi magana mai tsawo da Faransanci mai sauri kamar Zuwaira ba ta wurin. Kafin sanyi ya shigo aka sami gurbi a wani gidan tsofaffi a bayan gari, ɓangaren da ƙofarsa ba ta buɗuwa sai da lamba. Zuwaira ce ta sa hannu. Ita ta haɗa masa kaya, ta bar jallabiyoyin a gida, don an ce wando mai roba ya fi sauƙin canzawa.

Magana ba ta ɓoyuwa. Matan da suke cin tuwonta ranar salla suka riƙa gaishe ta a Guillotière da gefen baki. Ta ji an ce ta kai mijinta gidan Nasara ta zubar don ta huta. Wan Malam ya bugo daga Damagaram, bai ko tsaya gaisuwa ta ƙare ba, ya ce a maido musu ɗan'uwansu ya mutu cikin danginsa. Ta yi masa bayanin cewa mutumin da ba ya iya zama a falo ba zai iya doguwar tafiyar nan ba, ga shi yanzu babu jirgin da yake zuwa Nijar kai tsaye, sai an yi zagaye ta wata ƙasa, ga magungunansa. Ya ce duk wannan zancen Turawa ne. Ta ce to Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tun daga ranar ba su sake kiranta ba, ko da aka yi rasuwa a gidan daga bakin wasu ta ji.

Kamalu yana zuwa Lyon, amma ba sosai ba. In ya shiga ɗakin uban yakan zauna a bakin gado ya ce sannu Baba, ina wuni Baba, daga nan kayansa sun ƙare. Ya taɓa ce mata ya fara koyon Hausa a waya. Ta ce ya kyauta. Ba ta gaya masa cewa Hausar ma ta fara barin mai ita ba.

Yanzu Zuwaira ta koma cikakken aiki a lakwal, don zaman gidan ya fi aikin wuya. In ta wanke tukwanen rana sai ta hau taram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, ta sauka ta hau bas, da kunun gyaɗa a fulas. A gidan babu mai jin abin da Malam yake faɗi. In ya nemi ruwa sai su ɗauka ciwo yake ji, in ya ce zai yi alwala sai su zaunar da shi gaban talabijin. Akwai wata ma'aikaciya Ameena, 'yar Komoros, mai shekaru kamar nata, ita ce takan juya masa kujera ta fuskanci gabas in ta ga yana ɗaga hannuwa. Ya rame, an aske masa gemu saboda abinci yana maƙalewa. Ba ya dukan kowa yanzu, magungunan sun kwantar da shi.

Bai san ko ita wace ce ba, amma yana sonta da zuwa. Yana ɗaukarta wata baiwar Allah mai kawo sadaka, yana yi mata godiya da ladabi irin na baƙo. Ran nan, bayan ta gama ba shi kunu ta goge masa baki, ya dube ta da kyau ya tambaye ta ko tana da aure. Ta ce tana da shi. Ya tambaya ko mutumin kirki ne. Ta ce ƙwarai kuwa.

"To tashi ki tafi, kada magariba ta yi miki a hanya ya ga kin daɗe," in ji shi. "Ki gaishe shi."

Ta ce zai ji. Ta rufe fulas ɗin ta sa a jaka, ta ja masa bargo zuwa ƙirji, ta je bakin ƙofa ta jira Ameena ta zo ta danna mata lambar.